Raƙumi Cikin Hatsin da Ba a Yanke Ba

Ilyasu ɗan Mailafiya mutum ne mai riƙo, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba. In ka taka shi yau, a gaban jama'a zai gaya maka cewa ya ajiye, gobe kuma ya gaishe ka kamar kowa. "Ni ba na mantuwa," haka yake cewa, kamar yadda wani zai ce shi ba ya cin barkono.

Mutanen Belbeji sun saba da shi. Shi ke rubuta allunan shaguna, shi ke zana bayan motocin kaya, kuma da wannan sana'ar yake ramuwa. Wani mahauci ya taɓa yi masa dariya a wajen ɗaurin aure don ya zo da fenti a kunne. Da mahaucin ya buƙaci allo, Ilyasu ya zana masa rago mai ƙaho a murɗe, sai dai haƙarƙarinsa duk a fili. Allon ya daɗe a rataye kafin mahaucin ya gane dalilin da ya sa mata ke murmushi in sun zo sayen nama.

Ubansa ba haka yake ba. Mailafiya manomi ne a kwarin Tarka, mutum mai sanyin rai, wanda ko jaki ya ture shi sai ya duba ko jakin ya ji ciwo. Lokacin da Ilyasu yake ajin ƙarshe na makarantar boko, wata safiya ta kaka aka aike shi gona. Ya tarar da wani ƙaton amale a tsakiyar hatsi, yana tsinkar zangarniya yana taunawa hankali kwance. A wuyansa akwai shaidar wuta, irin wadda kowane gida na masu raƙuma yake da tasa: sanda biyu a tsaye, da ɗigo a ƙarƙashinsu. Raƙumin na Sidi ne, wani saurayi daga zangon Abzinawa da ke kusa da rijiya. Dabaibayi ne ya tsinke.

Aka je gaban mai gari. Sidi bai yi musu ba. Ya kawo awaki, Mailafiya ya karɓi guda ya mayar masa da saura, suka sha shayi, magana ta mutu a wajen manya. Sai dai a shekarar rumbun Mailafiya bai kai su damina ba. Gaskiyar magana ita ce ruwa ne ya ɗauke da wuri, kowa a kwarin ya sha wuya, raƙumi kuwa kusurwa guda ya ci. Amma yaro bai ga ruwan da bai sauka ba, raƙumi ya gani. Aka cire shi daga makaranta, aka tura shi Damagaram wajen wani mai fentin motoci don a rage baki a gida. Can ya koyi haɗa launi, ya koyi zana zaki da dawisu da takobi a bayan mota, can kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa da ba don raƙumin Sidi ba, da yanzu yana zaune a ofis.

Ya dawo ƙasarsu ta Damargu da sana'a a hannu, ya zauna a Belbeji, ya auri Asibi, suka haifi ƴaƴa mata suka aurar. Ba ya shaye-shaye, ba ya cin amana, aikinsa ba ya ɓarewa. Amma bai taɓa riƙe yaron aiki ba. Duk wanda aka kawo masa koyo, in ya zubar da fenti a watan azumi, zai ji labarin har babbar salla, daga nan ya gudu. Asibi takan ce masa, "Malam, kai rumbunka bai taɓa zama fayau ba. Sai dai ba hatsi ne a ciki ba." Yakan yi dariya, don a wajensa yabo ne.

Gemunsa ya riga ya yi fari lokacin da matasan gari suka zo masa da maganar katanga. Katangar siminti ce doguwa ta gidan matasa, tana fuskantar kasuwar dabbobi, babu komai a jikinta sai fitsarin awaki da sunayen da yara suka kankara da ƙusa. Matasan sun nemi izini a wajen magajin gari, sun samu, an kuma yi musu alkawarin fenti. Shugabarsu Zuhaira ce, ƴar kwaleji, ƴar gidan manoma, yarinyar da ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Tare da ita akwai Hamza, dogo, mai yawan dariya, wanda ke zaune wajen gwaggonsa a gari saboda karatu, sai an yi hutu yake komawa zango. Hamza jikan Sidi ne. Ilyasu ya san haka tun kafin yaron ya gama sallama.

"Baba Ilyasu, mun zo ka zama malaminmu," in ji Zuhaira.

"Wa ya ce muku ina neman ɗalibai?"

"Babu. Cewa aka yi ba za mu kwana biyu da kai ba. Mun zo mu gani."

Ya yi gunaguni, ya ce katangar ba ta da kyau, ya ce yaran yanzu ba su iya riƙe komai ba sai waya. Da suka tafi, ya shiga ɗaki ya fito da burusan da ya fi so, ya jiƙa su a kananzir. Asibi ta gani, ta ci gaba da aikinta.

Shirin ya ɗauki makonni. Kullum bayan la'asar sukan taru a gindin wata aduwa kusa da katangar, yaran gari da yaran zango da na rugagen Fulani, su shimfiɗa masa tabarma. Gardama ba ta ƙarewa. Wani ya ce a zana ɗan ƙwallo. Wani ya ce babur, aka ce masa to ya fara sayen nasa. Wata ta ce a zana mata suna daka, wani yaro ya ce ai katangar ba za ta ishi surutunsu ba, ta bi shi da takalmi. Aka je wajen liman, ya ce su zana gona da dabba da rijiya, mutane kuwa a bar su daga nesa ba tare da tsantsara fuska ba. Daga ƙarshe suka tsaya a kan shawara guda: za a zana shekarar kwarin Tarka daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ruwan farko, shuka, noma, girbi, rumbuna a cike, sannan a rufe da sakin gonaki.

Duk wanda ya tashi a Damargu ya san sakin gonaki. In an gama yanka hatsi, an ɗaure dammai an kai rumbu, sai hukuma da sarakuna su sanar cewa an saki gonaki. Daga ranar dabbobi su shiga su ci kara da karmami, su bar wa manomi taki. Kafin ranar, dabba a gona ɓarna ce, ana zuwa gaban mai gari, wani lokaci har a zare sanda. Bayan ranar, dabba a gona zumunci ne. Gona ɗaya, dabba ɗaya, abin da ya raba su kawai shi ne ko akwai zangarniya a kan karan ko babu.

"Raƙumi za a sa a ƙarshe," in ji Hamza. "Ni zan yi masa fenti."

"Kai da ko akuya ka zana sai ta fito kamar tebur?" in ji Zuhaira.

"Ai Baba ne zai zana. Ni cikewa ce tawa."

Haka aka tsara. Matasa za su wanke katangar su shafe ta da farar ƙasa, Ilyasu ya fitar da zanen da gawayi don shi kaɗai ya iya zane mai girma haka, sannan kowa ya ɗauki yankinsa ya cike da launi.

A kwanakin nan Ilyasu ya zama wani mutum daban, ko da yake da an gaya masa da ya musa. Yana koya musu yadda ake ja da baya a dubi bango da ido ɗaya. Yana nuna musu yadda shuɗi da rawaya ke haifar da kore, su yi ta mamaki kamar ya yi tsafi. Wani yaro ya kifar da bokitin farar ƙasa a ƙafarsa, kowa ya yi tsit yana jiran a ajiye, sai Ilyasu ya ce, "To, ni ma an shafe ni, sai ku zana." Tun da yake, ba a taɓa tashi tsaye don ya iso wuri ba sai a gindin aduwar nan.

Zanen gawayi da hantsi yake yi, lokacin da yaran suke makaranta. Ya fitar da gizagizai, ya fitar da masu shuka, ya fitar da rumbuna. Ranar da ya kai ga yankin ƙarshe, ya hau tsani ya fara daga tozo. Raƙumin ya fito masa da sauƙin da ya ba shi tsoro, don ba ƙirƙirarsa yake yi ba, tuno shi yake yi. Amale ne, ƙato, ya miƙa wuya. Da ya zo zana gonar, ya ja karan hatsi a tsaye, ya ɗora wa kowane kara zangarniyarsa, doguwa, cikakkiya, guda kuma a bakin raƙumin. Sannan ya ɗaga hannu zuwa wuyan dabbar ya ja sanda biyu, ya ɗiga ɗigo.

Kada wani ya ce hannu ne ya kuɓuce masa. Ya san abin da yake yi. Ya sauko, ya ja da baya, ya duba da ido ɗaya, ya ji daɗi.

Da la'asar matasan suka zo. Hamza ne ya fara hango wuyan raƙumin. Ya tsaya cak, sannan ya yi tsalle kamar ƙaramin yaro.

"Shaidar gidanmu ce! Wallahi tamu ce! Baba, yaya aka yi ka san ta?"

"Na taɓa ganinta," in ji Ilyasu.

"Ku zo ku gani! Duk masu raƙuman Damargu, namu aka zaɓa!" Ya kama hannun Ilyasu da hannu biyu. "Kakana sai ya zo ya gani. Ya daina shigowa kasuwa saboda idonsa, amma wannan sai ya zo."

Yaron idonsa na kan wuyan raƙumi, bai dubi gonar ba. Zuhaira ce ta duba. Ta matsa kusa da bango, ta karkata kai.

"Baba Ilyasu, hatsin nan kamar ba a yanke shi ba."

"Gawayi ne kawai. In an zo fenti za a gyara."

Ta yarda, don ba ta taɓa jin an ce ya yi ƙarya ba. Shi ma bai taɓa ji ba sai ranar. Mutumin da yake gaya wa kowa a fuska cewa ya ajiye, yau ya ɓoye wa yarinya sa'ar jikarsa.

Tsakanin ranar da ranar kasuwar da za a kawo Sidi akwai kwanaki, kuma gawayi ba ya buƙatar komai sai jiƙaƙƙen tsumma. Kullum yakan bi ta gaban katangar. Asibi ma ta bi ta nan a hanyarta ta zuwa injin niƙa. Da ta dawo ta sauke ƙwaryar gari ta tsaya a kansa.

"Na ga raƙumin gonar babanka."

"To?"

"Je ka goge shi."

"Ƙarya na zana? Bai ci ba?"

"Ya ci. Gaskiya ka zana, a bangon yara. In kana da magana da Sidi ai ka san hanyar zango."

Ya ce mata mace ba ta san zafin abin ba. Ta ce masa ita dai ta san zafin murhu, ta wuce. Bai goge ba.

Ranar kasuwa wurin ya cika tun hantsi: dillalai, mahauta, manoma masu sayar da tumaki, makiyaya daga wajen Tenhiya da Ollelewa. Mutane na tsayawa gaban katangar suna nuna rumbuna da masu shuka. Waɗanda suka kai yankin ƙarshe sukan dubi juna, su ƙi tafiya. Ilyasu na zaune a kan wani gwangwanin fenti yana kallonsu.

Can sai ga Hamza yana jan akalar raƙumi, a kai wani tsoho siriri cikin baƙin rawani, bayansu ƴaƴan tsohon maza da wasu mata na zango da suka ci ado kamar za su biki. Aka durƙusar da raƙumin, aka sauko da Sidi. Ya tsufa ƙwarai. Ilyasu ya daɗe yana hango shi daga nesa yana kau da kai, bai san ya ƙanƙance haka ba.

"Ina mai zanen?" in ji tsohon.

Hamza ya jawo Ilyasu.

"Ɗan wa?"

"Ɗan Mailafiya," in ji Ilyasu.

"Allahu akbar. Mailafiya na kwari? Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki." Ya juya ya karɓi wani ƙunshi daga hannun wata mata, ya ɗora a tafin Ilyasu. Cuku ne, fari, busasshe, mai yawa. "Ba mu da abin da ya fi wannan. Ka girmama gidanmu, Allah ya girmama naka."

Hamza ya kai shi jikin bango. Tsohon ya kusa manna fuska da siminti kafin ya ga shaidar. Ya ɗaga yatsa ya bi sandunan, ya taɓa ɗigon, ya yi ƴar dariya cikin rawani. Sai babban ɗansa ya sunkuya ya yi masa magana a kunne da yarensu. Tsohon ya tsaya. Ya gangara da yatsa daga wuyan raƙumin zuwa bakinsa, ya sami zangarniyar, ya bi ta har ƙarshe. Ya matsa gefe ya sami ta biyu, ya sami ta uku.

A cikin taron wani manomi mai suna Dodo, wanda bakinsa ba ya jiran hankalinsa, ya bushe da dariya. "Kai! Ɗan Mailafiya ya rama! Ɓarawon hatsi ga shi an kafe shi a bango har da sunan gidansu!" Wasu suka taya shi. Wani dillali ya ce masa ya rufe baki.

Wannan ita ce ranar da Ilyasu ya yi ta jira tun yana yaro. Ta zo ta same shi tsaye da cukun mutane a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi. Bai dubi Sidi ba, Hamza ya duba. Yaron na kallon gonar da ke bango, bakinsa a ɗan buɗe, kamar wanda aka tashe shi daga barci da mari. Shi ya aika zango, shi ya matsa sai an zo, shi ya ce mata su yi ado.

Sidi ya ja rawaninsa sama har ƙarƙashin ido. "Zane ya yi kyau," in ji shi. Aka ɗora shi a raƙumi. Hamza ya kama akala, bai waiwayo ba.

Washegari babu yaron zango ko na ruga da ya zo gindin aduwa. Iyayensu sun ce kada wanda ya sake kusantar katangar. Yaran gari sun zo, amma ba su shimfiɗa tabarma ba. Suka fara kwashe gwangwanayen fenti za su mayar ofishin magajin gari, inda aka ce ana shawarar a shafe bangon gaba ɗaya a huta.

Zuhaira ta tsaya a gabansa. Muryarta ta sauka ƙasa a karo na farko.

"Na tambaye ka, Baba."

"Kin tambaya."

"Da ka ce mana ba ka son Hamza a ciki, da mun san abin yi. Da ka ce ba za ka zana raƙumi ba, da mun zana abinmu ko da zai fito kamar tebur. Mu muka je gida-gida muka roƙi iyayensu su bar su su zo. Ni na rantse wa gwaggon Hamza cewa ba abin da zai same shi." Ta ɗauki gwangwani. "An ce mana ba za mu kwana biyu da kai ba. Mu ne wawaye, muka yi ta murna mun wuce."

A rayuwarsa an sha zaginsa, kuma kowane zagi yana da wurin da yake ajiye shi. Wannan ya nemi wurin ajiyewa ya rasa, don babu laifin kowa a ciki sai nasa.

Da rana tsaka ya ɗebo ruwa a bokiti ya hau tsani ya wanke yankin ƙarshe, raƙumi da gona duka. Masu wucewa suna ta jifansa da magana. "Malam Ilyasu, an kori raƙumin ne?" "A'a, mai gari ya yanke hukunci!" Bai ce wa kowa ya ajiye ba. Mahaucin nan na allon rago ya tsaya ya kalle shi har ya gama, sannan ya tafi bai ce komai ba, wannan kuwa ya fi masa ciwo.

Cukun yana rataye a ɗaki. Asibi ta ƙi taɓa shi, ta ƙi kuma jefarwa. "Naka ne," in ji ta. "Kai aka girmama."

Ya kwana biyu yana kewaye-kewaye, sannan ya hau babur ɗin haya zuwa zango. Ya sami Sidi a inuwar bukka. Tsohon ya sa aka shimfiɗa masa, aka ɗora shayi, aka yi gaisuwa doguwa kamar ba abin da ya faru. Sai da aka sha kofin farko sannan Ilyasu ya ce, "Baba Sidi, da gangan na yi."

"Na sani. Ba a yin shaidar gida da kuskure."

"An cire ni daga makaranta a shekarar."

"Ban sani ba. Da na sani da na ƙi karɓar awakin da babanka ya maido." Tsohon ya juya kofi a hannunsa. "Raƙumin ya ci, ban taɓa musu ba. Na yi barci, igiya ta tsinke. Amma ɗan Mailafiya, amalen nan ya mutu a babban farin da ya biyo baya, tare da kusan duk abin da muka mallaka. Ungulu ma ba ta samu komai a jikinsa ba. Kai kaɗai kake ta ba shi abinci har yau."

Ilyasu ya sunkuyar da kai. Ya roƙi gafara da kalmomin da bakinsa bai saba da su ba.

"Tsakanina da gidanku an gama tun zamanin babanka," in ji Sidi. "Na bango kuma na yafe, ni tsoho ne, kunya ba ta daɗewa a jikina. Yaron ne. An yi masa dariya a gaban iyayensa mata, shi ya kawo su. Wannan ba ni zan yafe a madadinsa ba."

"Yana nan?"

"Yana nan. Ya ga zuwanka, ya tafi rijiya."

Ilyasu ya jira har rana ta karkata. Hamza bai dawo ba.

Sidi dai ya yi magana da sauran iyaye, aka sassauta. Magajin gari ya ce a ba matasan dama su sake gwadawa. Ranar da suka koma gindin aduwa, wasu daga yaran zango da na ruga sun zo, suka zauna a gefe guda. Hamza ba ya cikinsu. An ce ya koma makaranta amma yana zagayawa ta bayan tasha don kada ya bi ta kasuwar dabbobi. Suna cikin gardamar wa zai fitar musu da sabon zane sai ga Ilyasu da tsani a kafaɗa, burusansa a cikin bokiti. Ba wanda ya tashi. Ya jingina tsanin, ya tsuguna a ƙasa.

"Ba zan ce muku na canja ba," in ji shi. "Mai hali ba ya barin halinsa don ya ji kunya sau ɗaya. Har yanzu ina tuna wanda ya zuba mini farar ƙasa a ƙafa."

Wani ya yi ƴar dariya, Zuhaira ta harare shi.

"Ga burushi, naku ne. Zan dama muku fenti, in riƙe muku tsani. Gawayi kuwa ba zan ƙara ɗauka a bangon nan ba. Ku zana da kanku, ko ya karkace."

"To raƙumin fa?" in ji wata yarinya daga ruga. "Ba wanda ya iya shi."

Ya juya ya dubi yankin ƙarshe, inda simintin ya yi fari-fari da dabbare-dabbaren ruwan gawayi.

"Shi ne abin da na zo roƙo. Ku zana gonar, an yanke ta, kara kawai. Amma wurin raƙumin ku bar shi haka. Na Hamza ne, shi ya ce zai yi. Kada ku cike masa, kada ku aika a matsa masa, kada kuma ku bar ni in taɓa, ko na ce muku zan iya. In baƙo ya tambaya me ya sa bango ya ƙare da fili, ku gaya masa gaskiya, ku faɗi sunana. Ku bar wurin har mai shi ya zo, in ya ga dama."